Yarinyar da Ke Cizo

Shekara bakwai na yi ina rainon 'ya'yan mata 'yan kasuwa a falona a unguwar Sabo, a ƙasar Yarbawa. Da sassafe uwaye ke ajiye min su, su wuce kasuwar Shasha ko ta Mokola, sai bayan la'asar su dawo. Kafin azahar muryata ta dushe.

A shekarar ƙarshe aka kawo min wata 'yar shekara huɗu. Iyayenta sabbin zuwa ne daga arewa, uwar tana sayar da abinci a tashar Ojoo. Yarinyar ba ta kuka, ba ta magana, cizo take yi. A makon farko yara uku ta ciza.

Wata uwa ta nuna min shatin haƙori a hannun 'yarta, ta ce, "Hajiya, ko ki sallame ta, ko in kwashe nawa."

Na yi wa yarinyar tsawa, na tsayar da ita a lungu, har bulala na nuna mata. Babu abin da ya sauya. Wata rana gajiya ta hana ni tashi, na zauna a tabarma ina kallonsu kawai. Sai na lura cewa da Yarbanci yaran ke wasa, kamar yadda 'ya'yan Sabo suka saba, ita kuwa ba ta jin ko kalma ɗaya. Da sun yi dariya sai ta ɗauka da ita ake.

Na jawo ta jikina na ce, "Haushi kike ji ko? So kike a yi da ke?"

Ta gyaɗa kai.

Na ce mata duk lokacin da ranta ya ɓaci ta zo ta kama zanina ta faɗa min. Sauran kuma na sa su riƙa maimaita mata wasan da Hausa. Wata uku muka yi a haka. Ni ma sau biyu ta cije ni, waccan uwar kuma ta kwashe 'ya'yanta.

Wata safiya ina dama koko na ji an ja zanina, ashe yarinyar ce.

"Inna, an ƙwace min 'yartsanata. Haushi nake ji."

Na ajiye ludayi, muka je tare ta karɓo da bakinta, da magana ba da cizo ba.

Bayan Sallah suka koma Ojoo da zama, suka daina kawo ta. A gurbinta aka kawo min wasu tagwaye masu kuka tun safe har azahar, na sake farawa.