Shekarar da Ba a Yaɓe Gidanmu Ba

Mahaifina magini ne. A unguwarmu ta Wurno da wuya ka nuna soron da hannunsa bai taɓa ba, amma ya fi ji da namu. Ba wani babban gida ba ne. Zaure ne, da ɗakin Baba, da na Inna, da wani ɗan ƙarami da kakata ta zauna a ciki har ta rasu, daga baya ya koma wurin ajiye albasa. Kowace bazara, idan zafi ya kai intaha, sai Baba ya ajiye aikin mutane ya juyo kan namu. Ya jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, ya kwaɓa ƙasa, ni da ƙanena mu shiga muna tattakawa har gwiwa, Inna tana faɗa wai mun zama 'ya'yan kwaɗi. Shi kuma ya hau rufi ya bi kowace tsaga ya toshe, ya gyara indararo. A lokacin ni a ganina gida abu ne da yake tsaye da kansa, kamar dutse.

Ina 'yar shekara goma ko kusa da haka, ana cikin yaƙin nan na Turawa, aka ce kowace unguwa ta ba da maza a kai su haƙar kuza ƙasar Jos. Wata safiya mai unguwa ya yi sallama da yaran hakimi a bayansa. Baba ya fita, bai jima ba ya dawo ya ce an sa shi a ciki, amma an ce 'yan watanni ne kawai. Ranar da za su tashi ya tsaya tsakar gida yana kallon rufi, sannan ya ce wa Inna, "Kar ki bari kowa shi hau soron ga. In Allah ya so ina komowa tun ruwa bai sauka ba."

Bazara ta zo, bai komo ba. Maƙwabcinmu, wanda ya taɓa yi wa Baba aiki, ya aiko matarsa ta ce zai zo ya yi mana yaɓe, ba ya son ko anini.

"Ki ce mishi mun gode," in ji Inna. "Mai gidan na nan tahe."

Matar ta sake dawowa da hadari ya fara haɗuwa, ta sami amsa iri ɗaya. Na daɗe ina jin haushin Inna a kan wannan. Sai da na girma na gane cewa in da ta bar wani ya hau rufin, to ta yarda ke nan mai shi ba zai dawo ba.

Ruwa ya sauka da ƙarfi a shekarar. Da fari ɗigo ne a kusurwa, muka tara ƙwarya. Daga nan tukwane, har da turmi. Cikin marka ɗakin kakata ya zauna da rana tsaka, muna kallo, albasar da ke ciki ta ruɓe ƙarƙashin ƙasa. Warin ya kwana biyu a gidan.

Bayan kaka wani mutumin Kwargaba da suka tafi tare da Baba ya zo. Ya rame kamar kara, yana magana tari yana katse shi. Ya zauna a zaure, Inna tana bayan ƙofa, ni ina riƙe da zaninta. Ya ce sanyin wurin ba irin namu ba ne, abinci kuma ba ya isa. Ya ce ciwon ƙirji ne ya kama Baba, kuma yana cikin waɗanda suka yi masa sutura. Inna ta yi salati, ta tambaye shi ko ya sha ruwa. Sai da ya tafi ta zauna daɓas a ƙasa.

Da ta gama takaba, bazara ta sake zagayowa, ita da kanta ta ɗaure zani ta hau rufin, ina miƙa mata ƙasa a ƙwarya. Mata suna leƙowa ta kan katanga. Ba ta iya kwaɓin ba, abin da ta shafa da safe kafin la'asar ya tsattsage. Kuma gara ta riga ta cinye azara. Ruwan farko ya tafi da ɗakin Baba.

Kawu, yayan Inna, ya zo daga Rabah da jakuna biyu. Ya zagaya gidan ya ce, "Mi kike jira? Sai ya hwaɗa bisa ɗiyan ga?"

"Yaya, in nit tahi, wa ka zama ciki?"

"Ba kowa. Tashi ki ɗaure kayanki."

Ta ɗaure. Amma sai da ta share tsakar gida tas, ta jawo ƙofar zaure ta rufe, duk da katangar baya ta faɗi, akuya ma tana iya shiga.

A Rabah ba a wulaƙanta mu ba. Kawu ya ba mu ɗaki mai kyau, matarsa mutuniyar kirki ce. Sai dai Inna ba ta taɓa kwance ƙullin kwanoninta duka ba, kuma in ta ce "gida", kowa ya san ba nan take nufi ba. A can na girma, aka aurar da ni Goronyo.

Ina da goyon ɗana na biyu muka bi ta Wurno za mu gaisuwar rasuwa, na roƙi maigidana mu ratsa unguwarmu. Na wuce wurin ban sani ba, sai da matar maƙwabcin nan, ta tsufa ƙwarai, ta gane ni ta kama hannuna ta mayar da ni baya. Fili ne an kewaye da kara, an shuka gero. Na shiga tsakanin kunyoyi ina neman inda ɗakin Inna yake, in ce nan ne, in ce a'a can ne. Na kasa. Nan na durƙusa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo labarin Baba.

Da na je Rabah na gaya wa Inna na biya ta gida. Ta gyara zama.

"Wa ka ciki?"

"Ba kowa, Inna. Ya zama gona. Gero anka shuka."

Ta shiga murza bakin tabarma. Can ta ce, "Ya yi kyau?"

Na ce ya yi kyau, ya fi ni tsawo.

"Dole shi yi," in ji ta. "Ƙasar babanku ce. Shi yaz zaɓo ta da hannunai."

Ba ta sake tambayata ba. Da damina ta ja baya zazzaɓi ya kwantar da ita, ta rasu a ɗakin da Kawu ya ba mu, aka rufe ta a Rabah. Ni kuma yau jikokina suna ce da ni mutuniyar Goronyo, ba na gyara musu.