Sai Mai Waƙar Tana Zaune

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Dakta Hadiza, kuma har yau kwalin kaset-kaset ɗinta yana ƙarƙashin gadona a Muchia, ya hana ni sakat. Allah ya jiƙanta, ta tafi ta bar wa mai sayar da kayan gyaran mota aikin da ya fi ƙarfinsa.

Malama ce a jami'a, a Samaru. Bincikenta a kan waƙoƙin da matan ƙauyukan bayan Shika suke yi ne a da, na roƙon ruwa da na girbi, tun suna bin addinin gargajiya. Lokacin da ta je musu da rikoda kusan duk sun shiga coci, wasu ma su ne manya a zumuntar mata. Babu wadda ke son jikokinta su ji ta tana kiran iskoki da sunayensu. Sai da Yaya ta sha sintiri kafin suka yarda, bisa sharaɗi guda: ba za a kunna muryar mace a gaban jama'a ba sai tana zaune a wurin, in ta ɗaga hannu a kashe.

Duk sanda malaman sashensu suka shirya laccar da ake gayyatar mutanen gari, ni ne direban dole. In rufe shagona a Sabon Gari in tafi ɗauko tsofaffi, ina mita, ita kuwa tana cewa, "Kai dai ja mota, Sani." Zaure kan cika da ɗalibai da 'yan kasuwa, har da limamai da fastoci, ga tsofaffin nan a layin gaba. Ina wurin ranar da Mama Talatu, wadda ta fi su murya, ta ɗaga hannu ana tsakiyar waƙa. Nan take Yaya ta kashe, ta ci gaba da bayani da baki. Wasu suka yi ta tsaki, ko kallonsu ba ta yi ba.

Yanzu an farfaɗo da laccocin, har ana watsa su kai tsaye ta waya, kuma na yi murna. Wani tsohon ɗalibinta, Dakta Ishaya, mutumin kirki, ya same ni a shago yana son kaset ɗin domin laccar tunawa da ita. Ya ce, "Malam Sani, danshi yana cin zaren nan. In suka lalace, shi ke nan, babu mai sake jin waƙoƙin nan." Gaskiya ya faɗa, don biyu da na gwada sun riga sun manne. To amma me Yaya za ta ce? A zamaninta waƙa a zaure take ƙarewa. In ta shiga waya, wa zai iya kashe ta?

Matan duk sun rasu, sai Mama Talatu. Na je neman izininta, na tarar tsufa ya taɓa mata tunani. Na kunna mata waƙarta mu biyu a zauren gidan ɗanta. Ta yi ta gyaɗa kai har aka gama, sannan ta ce, "Kai, yarinyar nan ta iya waƙa. 'Yar gidan wa ce?" Na ce, "Ke ce, Mama." Ta yi dariya ta ce ɗan nan akwai tsokana. Sai da na yi kuka a mota kafin na iya tayar da ita.

Da na ba Dakta Ishaya labari, ya ce mu ɗauko ta mu zaunar a layin gaba, sharaɗi ya cika. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, kuma tun ranar nake juya maganar. Littafin Yaya yana laburare, ɗalibanta sun zama manya, wannan duk rabon jami'a ne. Ni abin da ta bar mini shi ne yadda take ɗaukar maganar tsohuwar ƙauye da nauyi, ko da zaure zai watse.

Ranar lacca tana matsowa, damina ma haka, ni kuwa ban ba da amsa ba. Na san in aka kunna, Mama Talatu ba za ta ɗaga hannu ba. Abin da ya sa na kasa miƙa kwalin ke nan.