Ranar da Aka Daina Kiranta Abwooli

Duk yankinmu na Tooro babu wanda ya kai Tibasaaga iya dafa waragi, barasar ayaba. Duro a kan wuta, bututu ya ratsa ta cikin rafi don ya huce, barasa na ɗiga fara tas. Da sana'ar ta raini 'ya'yanta, kuma dariyarta har bakin hanya ake ji. Baƙin dagwalon da ya rage a duro kuwa, da zafinsa take juye shi a rafi. Ni maƙwabcinta ne, hancina ya sha wuya, amma ban taɓa cewa uffan ba, don nakan samu ɗan ɗanɗano.

Can ƙasa a bakin rafin nan Kabajungu take zaune, ƙawarta tun suna 'yan mata, mai kiwon agwagi. Wata safiya sai ga ta da agwagwa a hammata, wuya na lilo.

"Tibasaaga! Ga mai sayen barasarki na kawo miki. Biyu sun mutu, sauran na can suna tangaɗi. Kwaɗi ma sun tattara sun bar mana rafin."

Muka fashe da dariya, ban da mai duro. A wajenmu kowa na da sunan girmamawa da ake gaishe shi da shi, na Tibasaaga Abwooli, na Kabajungu kuma Akiiki. Sai rai ya ɓaci ƙwarai ake kiran sunan mutum gatsau. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba.

Washegari Tibasaaga ta miƙo mini fartanya. "Malalaci, zo ka biya ɗanɗanonka." Na haƙa rami nesa da ruwa, ina gunaguni. Nan dagwalon yake hucewa, ta zuba masa toka, ta sirka da ruwa, ta kai gindin ayaba. Ayabar ta yi kyau har ni na fara roƙon dagwalo. Amma Kabajungu in sun haɗu a kasuwa, "Tibasaaga" kawai take cewa ta wuce.

Bayan damina, rafi ya washe. Sai ga Kabajungu da kwandon ƙwan agwagi, fuska a murtuke.

"Kwaɗin nan sun dawo, sun cika mini kunne. Duk laifinki ne, Abwooli."

Tibasaaga ta saki itacen da ke hannunta. "Me kika ce? Hayaƙi ya toshe mini kunne."

"Na ce Abwooli, kurma!"

"Ƙara faɗa, Akiiki," in ji ta, tana dariya, hawaye na zuba.