Hanjin da Ban Tambayi Asalinsa Ba

A zamanin Turawa, ina saurayi mai rawar kai, na samu aikin kuku a gidan wani Bature ɗan ƙasar Fotugal da ke sayen ƙirgi da gyaɗa a Haɗeja. Mahaifina masunci ne, mutum mai tsantseni, kuma tun ranar da na fara aikin nan ya daina cin duk abin da ya bi ta hannuna. Bai taɓa zagina ba. In na kawo masa abu, sai kawai ya ce ya ƙoshi. Wallahi abin yana sukar raina.

Wata rana maigidana ya koya mini wani abincin ƙasarsu. A dafa kaji, a yagalgala naman, a cuɗa da burodi da tafarnuwa da barkono, a ɗura cikin hanji, a ɗaure, a rataye ya sha hayaƙi. Ya ce mutanen da ba sa cin alade ne suka ƙirƙiro shi a can. Kai, murna kamar in taka rawa! Na ce yau ga abin da Baba zai ci. Na je na roƙe shi ya yanka kajin da hannunsa, ya kuma zauna ya ga duk abin da zan zuba. Ya ce to. Hanjin ragon da na saya wurin mahauta sai yagewa yake yi, ni kuma ga ɗoki, sai na ruga na ɗebo wani busasshen hanji mai gishiri da maigidana ke ajiyewa a gwangwani, Baba bai lura ba. Na ɗura, na ɗaure, na rataye su a kan bandar da Baba ke ƙyafe kifi, gefen tarwaɗarsa, har suka yi ja suna ƙyalli.

Ranar da na soya su a man gyaɗa, ƙamshi ya cika gida har maƙwabta suna leƙowa. Na yanka, na zuba a akushi, na durƙusa gaban Baba. Ya yi bisimilla, ya ɗauka, ya tauna. Ya sake ɗauka! Har ya yi dariya ya ce ashe ɗan nasa ba zaman banza yake yi ba. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Yana suɗe yatsa ne ya tambaye ni wane mahauci ya iya gyara hanji haka. Sai a lokacin na tuna ban tambayi asalin hanjin gwangwanin nan ba.

Kashegari na tambayi maigidana. Ya ce daga ƙasarsu aka aiko masa, kuma na alade ne, shi bai ma kawo abin a ransa ba. Na koma na gaya wa Baba gaskiya ina kuka. Ya ce Allah ya san bai sani ba, ni ma ban sani ba, ya yafe mini. Amma ya rushe bandar nan ya gina sabuwa.

Jama'a, ku da ke koyon girki a gidajen baƙi, ku tambayi asalin komai kafin ku miƙa wa wanda ya yarda da ku, kada ɗoki ya hana ku. Ni na duba abin da ke ciki, na manta da abin da ya naɗe shi. Baba ya yi shekaru bayan haka muna hira muna dariya, amma har ya koma ga Allah, duk abin da na miƙa masa, cewa yake ya ƙoshi.