Majanyin Da Aka Yaga Daga Likkafani

Kakata Dije, mahaifiyar babanmu, daddawa take yi, kuma duk unguwarmu a Kontagora an san ranar da ta ɗora kalwa. Kalwa ba ta nuna da wuri. Tun la'asar ake iza mata wuta har a idar da sallar isha ba ta yi laushi ba, don haka mu jikoki aikinmu jawo itace, ladanmu kuma labari. 'Yan shekaru ne bayan Turawa sun miƙa mulki, gidanmu ba rediyo, ba komai sai bakin Kaka. Takan zauna kan turmi da aka kife, ta miƙe ƙafafunta wajen murhu. Ni ban taɓa ganin ƙafa irin tata ba, dunduniyar duk ta tsage, tafin ya yi kauri har ƙaya ba ta shigarsa.

Ni take kira angonta, kuma ni ta fi zagi. Idan na yi gyangyaɗi sai ta zungure ni da muciya ta ce, "Dubi mijin banza, wuta ma ta gagare shi, ina ga cefane." Tatsuniyoyinta na gizo da kura duk mun haddace su. Amma akwai labari guda da ba ta buɗe shi da buɗin tatsuniya. Sai dai ta gyara ɗankwali ta ce, "Ku yi shiru, wannan da ƙafata aka yi shi." Da mun ji haka mun san Makka za a tafi.

Tana amarya suka bar Kontagora ita da kakanmu, Malam Isa, cikin ayarin masu zuwa aikin hajji a ƙasa. A zamanin, wanda zai yi wannan tafiya sai ya bi gida gida ya nemi gafara, don ba kowa ke dawowa ba. Kowa kuma yakan sayi farin ƙyalle na likkafaninsa ya naɗe a can ƙasan ƙunshin kayansa. Ko yunwa ta kai ina ba a sayar da shi, ko tufa ta ƙare ba a ɗaura shi. Shi ne abu ɗaya da mutum yake da tabbacin ba zai roƙa a bakin kowa ba a ƙasar da ba a san shi ba.

Sun bi ta Zariya da Kano da Borno, suna tafiya suna tsayawa. Inda guzuri ya ƙare sai a yada zango, maza su yi ƙodago a gonakin mutane, mata su yi daka da surfe, in an ɗan tara hatsi a ƙara gaba. A cikin ayarin akwai wani tsohon Bafulatani daga wajen Bobi, ana ce masa Baffa Manu. Ba shi da kowa a tafiyar, ga faɗa, ga jan ƙafa. Kaka ta ce ba ranar da ba su yi cacar baki ba. Ita ta ce masa shanunsa ma sun huta da ya taho, shi kuma ya ce mata bakinta ya fi ƙafarta sauri.

A ƙasar Wadai, can gaba da Borno, abubuwa suka juye mata. Zazzaɓi ya kama kakanmu, bai tashi ba, aka sa shi cikin nasa ƙyallen aka binne a gefen hanya. Tana da tsohon ciki a lokacin. Ba a jima ba, wajen haye wani rafi da ya kawo ruwa, ƙunshinta ya suɓuce daga kanta ya bi ruwa, da zannuwanta da likkafaninta da komai. Daga ita sai zanen jikinta. A haka ta haihu a bayan wani ƙauye, ƙarƙashin itace, matan ayari sun kewaye ta. Jaririn shi ne babanmu.

Nan Kaka takan tsaya ta buɗe tukunya, ta ɗebo kalwa ta murza tsakanin yatsu, mu kuwa kamar mu yi kuka don ƙagara.

Madugu, shugaban ayarin, ba mugu ba ne, amma yana da mutane a wuyansa. Rijiyoyin da ke gaba sun kusa ƙafewa, dole a tashi. Ƙa'idar hanya kuwa ita ce wanda ba zai iya tafiya ba a bar shi hannun mutanen gari, ya jira wani ayarin. Kaka ta riga ta ga matan da aka bari haka a garuruwan baya. Sun yi aure a can, sun hayayyafa, Hausarsu ma ta fara ɓacewa. Ba su ga Makka ba, ba su koma gida ba. Ta ce da fuskokinsu ta kwana a ranta.

Da safe ana ɗaure kaya sai ta dafa itacen ta miƙe, jiri na ɗibarta, ta rungumi jaririn ta shiga layi. Madugu ya zo ya ce, "Dije, ki ji tsoron Allah. Jego ɗanye, ba miji, ba guzuri. Ko majanyin da za ki goya yaron nan ba ki da shi."

Ta ce, "Baba madugu, ban baro Kontagora don in zama 'yar Wadai ba. Ku yi gaba, in na faɗi ku binne ni, amma da ƙafata ba zan zauna ba."

Sauran matan ma kowace zanenta ya zama tsumma, ba mai na bayarwa. Ana cikin wannan tsayuwa sai Baffa Manu ya sauke ƙunshinsa, ya zazzage shi a ƙasa, ya zaro farin ƙyallensa. Ya sa haƙori ya ɓanci bakin, ya ja. Kaka ta ce ƙarar yagewar nan har ta mutu ba za ta bar kunnenta ba. Mutane suka ɗauki salati. Wata ta ce ba a sa jariri cikin kayan gawa, wani ya ce, "Baffa, kai kuma da me za a rufe ka?" Tsohon ya miƙa wa Kaka rabin ya ce da Hausarsa ta Fulani, "Ungo, mai baki. Ni ban mutu ba tukuna, shi kuwa ya riga ya zo. Goya shi mu tafi, rana tana yi."

Daga ranar ayarin ya canza tafiya ba tare da an yi shawara ba. Mai jego sai da wankan ruwan zafi safe da yamma, a dajin kuwa itace wuya yake yi. Sai ya zama duk namijin da ya ga ƙirare a hanya ya sunkuya ya ɗauka, kafin a sauka an tara na dafa ruwa. Mata suna karɓar goyon bi da bi. Wata Banufiya takan rage nata kunun ta ce wai ba ya mata daɗi. Baffa Manu kuwa ya ƙara jan ƙafa fiye da da, yana mita gwiwarsa ta hana shi, dole a rage sauri saboda shi. Sai daga baya Kaka ta lura gwiwar ba ta ciwo sai ranar da ita ta gaji.

Baffa Manu bai ga Makka ba. A ƙasar Sudan, bayan sun yi kakar tsinkar auduga, kafin su kai bakin Bahar Maliya, ya kwanta ya cika. Aka ɗauko ragowar ƙyallensa, bai isa ba. Kaka ta kwance majanyin tana kuka ta ce a haɗa da shi. Madugu ya ce a'a, mai shi ya bayar, ba a mayar masa. Sai ya buɗe nasa ƙunshin ya yagi gefe. Na kusa da shi ma ya yaga. Haka aka bi har ayarin ya ƙare, kowa ya rage nasa, Kaka ta zauna da allura ta harhaɗa. Ta ce ɗinkin bai yi kyau ba, don ba ta ganin ramin allurar sosai.

Da wannan majanyin ta yi ɗawafi, babanmu na barci a bayanta. Shi ya sa tun yana rarrafe ake ce masa Alhaji. Idan ta kawo nan ba ta rufewa da komai, sai ta ce, "Angona, tashi ka ƙara itace."

Muna yara, Baffa Manu ne gwarzonmu, har faɗa muke a kan wanda zai zama shi a wasa. Na girma ina ɗaukar labarin na kyauta ne kawai. Sai da ciwon ɓarin jiki ya kwantar da ni bayan na tsufa, hannu da ƙafa na dama suka daina jin magana, sannan na ga ɗaya gefen. 'Ya'yana sun so in riƙa salla a ɗaki, kuma da gaskiyarsu. Na yi watanni a haka, maƙwabta suna leƙowa suna yi mini sannu, abin da za su iya ke nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji an wuce an bar ni. Sai wata asuba na tuna cewa tsohon nan ya kwana da ƙyallensa a ƙunshi yana jin kukan jaririn, bai yaga ba sai da ya ga Kaka a tsaye.

Na ce a miƙo mini sanda. Daga ƙofarmu zuwa masallaci ba nisa, amma ranar sai da na yi zufa sharkaf. Yanzu kullum ina fita. Malam Audu tela, maƙwabcina, wanda da ba ya jiran kowa, takalminsa ya koyi saɓulewa a daidai ƙofar gidana, sai ya tsaya gyara shi har in fito. Liman ma ya ɗan ƙara jinkirta tayar da salla, ya ce wai agogonsa ne. Ban taɓa nuna musu na gane ba. Nakan dai sa kafaɗata kusa da ta Audu, mu tafi a hankali.