Ruwan da Inna ta roƙe ni in sirka

Jikata Hauwa ce ke rubutawa, ni ban yi karatu ba. Na ce mata kada ta gyara mini komai.

Ranar da rediyon Baba ke ta faɗin soja sun miƙa wa farar hula mulki, a ƙarshen daminar nan, maza sun cika zaurenmu a Ƙofar Marusa suna gardama, ni kuwa ina tsakar gida ina tura itace ƙarƙashin tukunyar wankan jego. Shekarata goma sha biyu, Innata kuma kwananta tara da haihuwa. Tun cikin yana wata takwas ta daina kwanciya sosai, sai a jingine da bango, don numfashinta ba ya kaiwa. Ƙafafunta suka kumbura. Nakan danna da yatsa in ga rami ya tsaya kamar a tuwo, in yi ta dariya, ita ma ta yi murmushi.

Kaka, uwar Baba, ita ke riƙe da jegon. Safe da yamma tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, sannan kunun kanwa, sannan kwanciya a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Takan ce, "Sanyi ke kashe mai jego." Janyo ruwa a rijiya da dakan kanwa aikina ne, sai na gama nake samun fita yin gaɗa.

A ranar nan Inna ta riƙo hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Na ji abu yana bugawa da sauri, ba tsari. Ta ce a hankali, "Ɗiyata, ki riƙa sirka mini ruwan, ki rage kanwar. Kada Kaka ta ji." Na yi haka kwana uku, har ta ɗan samu barci. A na huɗu Kaka na rabon naman kauri, ta ɗaga wata tsoka ta ce, "Wannan ta mai aikin wuta ce, in dai tana yi da gaskiya." Ba wanda ya tambaye ni. Ni na buɗe baki na faɗa mata duka, na karɓi tsokar na cinye.

Kaka ta kira Inna raguwa a gaban matan unguwa, ta karɓe wutar da kanwar da hannunta. Inna ta dube ni sau ɗaya. Kumburin ya hau har ciki, tari ya hana ta sakewa. Ba ta kai arba'in ba.

Malam, mijina, shi kaɗai na taɓa faɗa wa, shi ma bara ya rasu, ya bar ni da abin. Da Hauwa ta samu ciki na raka ta awo, na ji likita tana cewa jinin mai ciki ƙaruwa yake, zuciya ta yi aikin mutum biyu, kanwa da zafi kuma su ƙara mata kaya. Ta ce mai kumburi da haki a kawo ta asibiti da wuri. Na fita bayan ɗakin na yi kuka.

Kaka da ƙauna ta yi, ban riƙe ta ba. Watakila ko na yi shiru kwanan Inna ya ƙare. Yanzu Hauwa ta haihu, da ruwa mai ɗumi take wanka, ni nake sirka mata, ina taɓawa da gwiwar hannu. Naman kauri kuwa, har yau ban sake kai shi bakina ba.