Inna Lieve da Cokalinta

Ranar Talata, 4 ga Maris, aka wayi gari da labarin rasuwar Inna Lieve, mai rumfar soyayyen dankali a bakin kasuwar garin Dendermonde, tana da shekara saba'in da takwas. Inna, kin bar unguwa shiru, domin ke ko gishiri za ki miƙa wa mutum sai kin haɗa masa da tsokana.

Kowa yana da labarinki. Nawa na ƙanena Wannes ne. Bayan rabuwarsa da matarsa, kullum sai ya sayi dankalin mutum huɗu, ya ce a sa cokali huɗu, wai yana da baƙi. Sai ya koma gida ya ja labule, ya cinye shi kaɗai cikin gaggawa, ba don yunwa ba, har cikinsa ya yi ciwo, sannan kunya ta lulluɓe shi. Ya daina cin abinci a gaban kowa. Mu ƙiba kawai muka gani.

Wata Lahadi da rana kika bar wa mijinki Staf tukunyar mai, kika bi Wannes har gida da cokalinki a aljihu.

"Ina baƙin?"

"Ba su iso ba, Inna."

"To ga ta farko. Matsa, ɗana, ƙafata na ciwo."

Kina ci kika ce masa, "Wannan ba haɗama ba ce, ciwo ne, kuma yana da magani. Kai ma ɗan koyo ne. Ni a zamanina kek ɗin biki nake saya, har in sa a rubuta sunan wata mata a kai, in cinye ni kaɗai!"

Ya yi dariya har ta koma kuka. Da ya ce bakinsa ba zai iya faɗa wa likita ba, kika ce, "Ni zan fara, ka san ba na gajiya da surutu." Haka kuwa aka yi. Har yau yana ganin likitarsa.

Tun daga nan, da kin hango shi sai ki ɗaga murya: "Cokali nawa?" Ya ce ɗaya, ya ci a gabanki.

Jiya Baba Staf ya sake buɗe rumfar. Da ya ga Wannes, sai ya yi masa irin tambayarki: "Cokali nawa?"

"Biyu, Baba. Zo ka zauna."

Allah ya jiƙanki, Inna, ya sa kin huta. Ya bai wa Baba Staf da 'yarku Marleen da jikoki haƙurin wannan rashi. Amin.